Guduma a Ɗakin Takaba

Dutsin-Ma, farkon Satumba 2021

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu, ya takaba? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni da Zubair lafiya lau muke, sai ƙafafuna da suka kumbura. A asibiti sun ce na cikin ne, amma sun hana ni shiga mota har in haihu, saboda ɓarin da na yi bara. Daga gida sai makarantar da nake koyarwa.

Tunda aka ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu ban ji muryarki ba, abin ya dame ni. Na yi magana da Hamma direba, mai jigila tsakanin nan da Kurfi. Zai riƙa kai maki takarda, ke ma ki riƙa ba shi amsa.

Inna, Baffa Almu ya zo gidanmu jiya yana ɗingishi. Ya ce ya hau bene ya gaishe ki, ƙafarshi ta burma cikin katakon ɗakin har gwiwa, yana hango shagon Baba ta ƙasa. Ya ce gara ta cinye katakon, ke kuma kina kwana a kai ke kaɗai. Ban yi barci ba. Don Allah ki sauko ɗakin ƙasa ki ƙarasa takabarki a can. In kin fita, mun gyara maki ɗaki a nan, da tayil da fanka, ki zo ki riƙe jikanki.

Ki gaida maƙwabciyarmu Maman Collins.

Ɗiyarki,
Nana Hadiza

*

Kurfi, Satumba

Ga matar Zubair,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Lafiyata lau, ina ci ina sha, gwiwa ce kawai take 'yan tsiyarta da safe. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, ki rage gishiri. Ki gaida mijinki. Da fensirin babanki na aiki nake rubutun nan, mai faɗin nan, shi ya sa baƙaƙen suka yi ƙiba.

Ƙafar Almu ta burma, gaskiya ne. Na ce mashi ya bi gefen bango, ya ce shi ba baƙo ba ne a gidan yayanshi, ya ratsa ta tsakiya da tumbinshi. Shekara talatin ina tafiya a kan katakon nan, na san mai lafiya na san mara lafiya. Bai taɓa kayar da ni ba.

Ba zan sauko ba. A ɗakin nan Malam ya cika, a nan zan yi mashi takaba. Ɗakin ƙasa da kike magana, buhunan gero ne a ciki da ɓeraye.

Ke yarinya ce, ba ki san yadda aka yi benen nan ba. Da babanki ya dawo daga koyon kafinta a Jos, ya ce zai ɗora ɗaki a kan shagonshi da daɓen katako, duk unguwa dariya aka riƙa yi, ana cewa Malam ya yi wa amarya akurkin tantabara. Ni ce na riƙe mashi kan kowane katako yana bugawa. Lokacin ba mu da hali, farin katako muka sa, shi ya sa gara ta samu abinci. Amma gumaguman da ke ƙasa, waɗanda katakon ke kwance a kansu, na maɗaci ne, ɗacinsu ya hana ta, lafiyarsu lau har yau.

Sabon katako kuma yana nan jibge a shago. Shi ma maɗaci ne. Ragunana na kiwo aka sayar aka sayo shi, babanki ya jera shi da 'yan tsinke a tsakani ya sha iska rani biyu, ya goge shi, ya yanka daidai ɗakin. Cewa ya yi da kaka zai shimfiɗa. Allah bai nufa ba.

Ki aiko mani da ƙusa 'yar inci uku, mai yawa. Ta nan garin lanƙwashewa take.

Tayil ɗinku ku riƙe abinku, sanyi gare shi.

Innarki,
Mardiya

*

Dutsin-Ma, ƙarshen Satumba

Inna,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin ganin rubutunki, har na yi dariya a kan Baffa, Allah ya yafe mani. Ƙafafun sun sauka kaɗan. Ga ƙusa nan Zubair ya sayo. Na ɗauka wani daga cikin yaran Baba na da kika samu zai toshe ramin, kafin ki fita takaba. Hakan ya yi, amma kada a ɓata sabon katakon.

Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina. Baffa ya dawo, sun zauna da Zubair. Ya ce tunda Baba bai bar ɗa namiji ba, rabin gado nawa ne, tumuni naki, saura nashi, kuma gida ba ya yankuwa kamar tuwo. Akwai wani Alhaji da ke son wurin saboda bakin titi ne, zai rushe ya yi shaguna. In an sayar kowa ya ɗauki nashi, ke ki dawo wurina. Katakon ma an yi mashi ciniki.

Na ce mashi na yarda. Inna, ba don kuɗi ba ne, kin san ni. So nake ki zauna inda zan riƙa ganinki. Ki yi haƙuri, ki duba maganar da idon basira.

Taki,
Nana Hadiza

*

Dutsin-Ma, ƙarshen Oktoba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, don ni kam ban san ko lafiya kike ba. Kusan wata guda ke nan ba amsa. Kullum na aika a tambayi Hamma sai ya ce Maman Collins ta karɓi takarda a bakin ƙofa, ta ce an gode, shi ke nan.

Jiya na matsa mashi, ya faɗa mani abin da ya gani. Ya ce ya haɗu da Maman Collins a kemis tana sayen bandeji da man zafi, da ya tambaye ta na wane ne, sai ta kauda kai. Ya ce kuma mutanen unguwa suna maganar ana jin buge-buge a benen da hantsi, alhali shago a kulle yake, ba a ga kafinta ya shiga ba.

Inna, faɗuwa kika yi? Ɓoye mani ake yi saboda cikin? Wallahi da za su bar ni, da yau na kwana a Kurfi. Na roƙi Baffa ya je gobe da mota ya sauko da ke, ko kina so ko ba kya so. Ki yi fushi da ni, na yarda. Na rasa uba, ba zan zauna in ji an ce uwata ta rufto ta cikin rufin shago ba.

Nana Hadiza

*

Kurfi, Nuwamba

Ga matar Zubair,

Na amsa sallamarki. Ina nan da raina, ban faɗo daga ko'ina ba. Babban yatsana na dama na daka da guduma, farcen ya yi baƙi ya fita, shi ya hana ni riƙe fensir. Wannan rabin dalili ne. Sauran rabin kuwa, da na amsa maki a makon da takardarki ta zo, da na rubuta abin da uwa ba ta faɗa wa ɗiyarta mai ciki.

Buge-bugen da ake ji, ni ce. Ba yaron kowa na kira ba, mai takaba ba ta tara maza a ɗakinta. Na ja gado da akwati gefe guda, na ɓamɓare tsohon katakon ɗaya gefen da ƙarfen cire ƙusa. Wasu ma da hannu suke marmashewa, cikinsu duk ƙasar gara. Roda, Maman Collins ɗinki, ita ke shiga shago ta ƙofar cikin gida ta miƙo mani sabon katako ta ramin, ni in jawo shi sama. Ta riƙe kai, in matse shi da ɗan'uwanshi, in buga. Matar nan ƙarfi gare ta kamar ta yi dambe, ga surutu. Ran Lahadi ne kawai muke hutu, in ta tafi coci. Mijinta Cornelius ya wasa mani zarto, ya aiko da shi ta hannunta.

Matan unguwa sun zo mani ayari guda. Wai mai takaba ba ta ɗaga murya, balle guduma, wai ina hana mamaci kwanciya. Na ce masu mutumin da ya shekara arba'in cikin ƙarar guduma, shirun nan ne zai hana shi kwanciya. Duk da haka na aika Roda ta kai tambayata gidan liman, matarshi ta shigar. Amsa ta dawo cewa an hana ni kwalliya da turare da kwana a wani gida, ba a ambaci ƙusa ba. To ban sa kwalli ba, ban fita ba.

Yanzu ga labarin ɗan aikenki. Almu ya zo da mota kamar yadda kika umarta. Ya hau matakala, na ce kada ya shigo, rabin ɗakin a buɗe yake. Wannan karon ya ji magana. Ya sauka ya buɗe shago, ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, ni ina durƙushe a sama da ƙusa a baki.

Ya ce, "Yaya Mardiya, wannan wane irin abin kunya ne? Kayan gado kike taɓawa tun ba a raba ba."

Na ce, "Katakon nan da ragunana aka saye shi, kai ka kai su kasuwa da hannunka. Ko ka manta?"

Ya ce, "To ai asara kike, wurin nan rushe shi za a yi. Ita ma mai rabin ta yarda."

Nan ne ya same ni. Sai na ci gaba da bugu. Ƙasar gara ta zubo mashi a hula, ya fita yana kakkaɓewa yana cewa zai tara dangi.

Almu ba mugu ba ne, haƙƙinshi yake nema, kuma yana da shi. Ga gonar Rawayau, ga injin shago da kayan aiki, sun ishe shi rabonshi in ana son a yi haka. Rabinki da tumunina in suka haɗu, gidan nan ya tsaya. In kika ja naki, ya faɗi. Wannan lissafin ko ni da ban yi makaranta mai nisa ba na iya shi.

Ba roƙonki nake ba, ban taɓa roƙon abin da na haifa ba. In kun sayar, ku sayar. Amma Alhajin zai rushe ɗakin da aka gama ne, ba wanda gara ta kore ni daga ciki ba. Kin tashi daga ɗiyar kafinta kin koma ɗiyar dillali, Allah ya ba da sa'a.

Ki ci gaba da rage gishiri.

Mardiya

*

Dutsin-Ma, Nuwamba

Inna,

Bayan gaisuwa, na gode wa Allah da yatsa ne kawai. Ki riƙa gasa shi da ruwan ɗumi. Ni nauyi ya yi nauyi, sun ce ko yaushe daga farkon wata mai zuwa.

Kin ce ba ki rubuta abin da uwa ba ta faɗa wa ɗiyarta ba. To kin rubuta. Ɗiyar dillali. Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi, na yi kuka, Zubair ya rasa yadda zai yi da ni. Ni ma yau ba zan yi maki kara ba.

Tunda Baba ya rasu, ko sau ɗaya kin taɓa ce mani, ga abin da nake so? Da aka yi zaman makoki kowa ya faɗi ra'ayinshi a kan gidan, ke kina ƙurya da carbi. Na ce ki dawo wurina, kika ce tayil sanyi gare shi. Ta ina zan gane cewa wannan yana nufin in an raba ki da benen an raba ki da rai? Haka kike tun ina ƙarama. Kunyar ɗan fari ta hana ki kiran sunana, na saba, har takarda ma matar Zubair kike rubutawa. Amma ba duba nake yi ba, Inna. Kin gwammace ki daka yatsa da guduma da ki buɗe baki ki ce mani kada in sayar.

Kuma ni ma gidanmu ne. A kan katakon nan na yi rarrafe. Na san na bakin ƙofa, mai ƙara, wanda nake tsallakewa in na daɗe a gidan su Collins don kada ki ji shigowata, ke kuma ki ji duk da haka. Kina tsammani daɗi nake ji in tuna za a sa katafila a wurin? Tsoro ne ya sa na yarda. Har yanzu ina jin tsoron, mace mai shekarunki a durƙushe a bakin rami.

Ban ce wa Baffa komai ba tukuna. Ga wata ƙusar nan, Hamma ya ce ta farko ta kusa ƙarewa. Ba don na goyi bayanki na aiko ba, don kada ki koma amfani da mai lanƙwashewa ne ki ƙara jin ciwo.

Nana Hadiza

*

Kurfi, ƙarshen Nuwamba

Na ga ƙusa, na ga faɗa. Yatsa ya warke. Maganar dillali na janye ta, zafin guduma ne. Sauran abin da kika faɗa ina nan ina tauna shi.

To ga shi, tunda sai an faɗa maki. Ba na so a sayar.

Mun juya gado zuwa sabon gefe, mun fara ɗayan. Allah ya sauke ki lafiya.

Innarki

*

Dutsin-Ma, Disamba

Innata,

Assalamu alaikum. Hamma ya riga ya kai maki albishir, amma ina so ki gani da hannuna. Namiji ne, lafiyayye, ni ma lafiya lau, na sha wuya amma ta wuce. Jiya aka yi suna. An sa mashi Sa'idu, sunan Baba. Na san takaba ta hana ki zuwa, kuma na san sunan nan ba zai taɓa fita daga bakinki ba, sai ki nemo mashi wanda za ki riƙa kira.

Baffa ya zo suna. Bayan an watse ya shigo ya ce Alhaji yana jiran magana. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, na fasa. Rabona a gidan nake so, ba a kuɗi ba. Ka ɗauki gonar Rawayau da injin, in akwai ciko a kira masu rabo su duba." Ya ce uwata ta zuga ni. Na ce layi ɗaya ta rubuto mani, shi ma sai da na yi wata uku ina jira. Ya tashi bai ko taɓa abincin ba. Zubair ya raka shi har mota, ya dawo ya ce mani ya huce kaɗan, har ya tambayi ko injin yana tashi.

Ban ce na daina jin tsoro ba. Sharaɗina ɗaya, in gwiwar ta ƙi matakala wata rana, za ki faɗa mani da bakinki, ba sai na ji a kemis ba.

Surukata ta so in yi wanka a wurinta, na ce gida zan tafi. Jibi Hamma zai kawo mu. Ɗakin ya kammala, ko mu sauka wurin ɓerayen?

Ɗiyarki,
Nana Hadiza

*

Kurfi, Disamba

Ga uwar maigida,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya sa mai albarka ne. Ina lafiya. Da Hamma ya kawo labari Roda ta yi guɗa har sai da na ce ta tuna gidan takaba ne, sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi nawa kukan. Sharaɗinki na ji, na karɓa.

Ɗaki ya kammala shekaranjiya. Mun share, mun goge, ja ne sumul, ko allura ba ta shiga tsakanin katako da katako, sai layi biyu wajen taga da suka ɗan karkace, ranar da nake fushi da ke na buga su. Matan da suka zo yi mani wa'azi sun dawo kallo, har wata tana tambaya ko zan duba mata ƙofar ɗakinta in na fita. Itacen wanka yana tsakar gida, tsohon katakon ne, zai dafa maki ruwa har ki yi arba'in. Amma ki sani ba mai hura mani garwashi a ƙarƙashin gado a benen nan, jego ko ba jego ba. Bargo zan ƙara maki.

Guda ɗaya ne ban canza ba, na bakin ƙofa, wanda kike tsallakewa. Lafiyarshi lau, a kan gungume yake zaune, gara ba ta taɓa shi ba. Ƙarar ma ba lalacewa ba ce. Tun ranar farko babanki ya bar mashi ƙusa ɗaya sako-sako, na ce ya gyara, ya ce a'a, yana so in riƙa sanin ya shigo tun kafin ya yi sallama. Tun da aka fita da gawarshi ban taka katakon nan ba, tsallakewa nake yi kamar ke, Roda ma na hana ta. Ran da Almu ya taka shi da ya zo gaisuwa, sai da na juyo da sauri kamar wata sakarya.

In kun iso kada ki tsallake. Ki rungumo mai sunan Malam da kyau, ki taka shi da ƙarfi, ina ciki ina saurare.

Innarki,
Mardiya